Furar da na ba babanki

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, mota ba ta lalace maku a hanya ba, ba ki kuma manta jakarki a tasha ba kamar shekarar da kika tafi lakwal, makarantar Damagaram. Allah shi tsare ki a hanya da masauki, shi haɗa ki da malamai masu haƙuri da maƙwabta na kirki. Babanki yana gaishe ki. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba, kin bar kowa yadda kika san shi.

Da gangan na cusa wasiƙar cikin ƙullin kuka. Na san halinki, ba za ki kwance shi ba sai kin huce gajiya kin fara kwaɗayin miyar gida. Da na ɗora ta a saman kaya, da kin karanta ta cikin mota ana leƙa maki ta kafaɗa, kuma ba maganar da ake karantawa cikin baƙi ba ce. Ki samu wuri ki zauna. Rubutuna kin san shi, na ajin matan ikkilisiya ne, sai ki yi haƙuri da shi.

Kin tuna ran Talatar nan da hantsi, ina damun fura a bakin ɗaki, kika jawo kujera kika zauna kusa da ni da salularki? Kina ta zumuɗi kina nuna mani hotunan da malaminku na Damagaram ya ba ku. Ni da nake tsammani eko, na’urar nan ta hoton ciki, ta masu juna biyu ce kawai, a ga ko ɗa ya kwanta daidai, sai ga shi kina ce mani yanzu da ita ake leƙa tumbin mutum kafin a yi mashi allurar barci. Kika ce ana kwantar da shi rigingine, a shafa mashi man nan mai sanyi a ƙahon zuciya a duba, sannan a juya shi bisa haƙarƙarinsa na dama don abin da ke ciki ya gangaro ƙarshen tumbi, can kusa da hanta. In babu komi, sai a ga wurin ya tsuke kamar idon bijimin sa. In ruwa ne, baƙi ƙirin ake gani, har ku auna faɗinsa ku gane yawansa, ku gwada da nauyin mutumin. In kuwa tuwo ne ko nono mai kauri, sai fari-fari ya cika wurin. Kin ga na riƙe duka. Kan nan naki ba wurin babanki kaɗai kika samo shi ba.

Sai kika yi dariya kika ce, “Inna, ai wannan na’urar kama maƙaryata ce. Mutum shi rantse maki ko ruwa bai sha ba, ki ɗora mashi ita, sai ga kunun safe yana kallonki.” Ni ma na taya ki dariya, don ita ta fi sauƙi.

Daga nan tarin babanki ya taso daga zaure. Kika jira har ya lafa, kika juyo kika dube ni, ba da wasa ba wannan karon. Kika ce, “Inna, kin tabbata ranar da aka yi wa Baba aiki bai ci komi ba? Don tarin nan nashi, yadda muka karanta, ya yi kama da na wanda abinci ya shiga huhunshi.”

Na ce maki, “Ko ruwa.”

Kika ce, “To shi ke nan, sakacin Majo Abdu ne dai, wanda ya sa shi barci. Ni kam, in Allah ya yarda, ba zan zama irinshi ba.”

Saratu, ƙarya na yi maki. Babanki ya sha fura ranar nan, kuma ni na ba shi, da hannun nan da nake riƙe da alƙalami. Shekara ashirin da uku ke nan ina ɗauke da maganar. Na iya ɗaukarta muddin a gida take, amma ba zan bari ki tafi da ita Yamai ki gina aikinki a kanta ba.

Kina da shekara uku lokacin. Babanki ya samu ƙaba wajen jan guga, kin san zurfin rijiyoyin ƙasarmu, har ya zama in ya ɗauki nauyi hanjinsa ya riƙa saukowa ta gefen mara. Aka ce a ɗinke wurin kafin damina ta faɗi. Muka tafi asibiti cikin tsakiyar bazara, ni da kakarki Iya da baffanki Dauda, ke kuma kina goye a bayana. Majo Abdu, babban ma’aikacin jinya, shi ne mai sa mutane barci a can, dogon mutum marar yawan magana. Ya ce daga an ci tuwon dare kada babanki ya ƙara sa komi a bakinsa sai bayan aiki. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Iya kuwa ta ɗauki maganar kamar jandarma aka naɗa ta. Ta ce, “Duk wanda ya ba shi ko ɗigon ruwa, ni da shi ne.”

An ce da sassafe za a shiga da shi. Gari ya waye, injin wuta ya ƙi tashi. Da ya tashi, sai ga wata mata an kawo bisa amalanke, haihuwa ta gagara, aka fara da ita, kuma daidai ne. Mu muna nan gindin itacen bedi. Hantsi ya yi, ya wuce, rana ta take. Leɓɓan babanki suka bushe suka tsage, in ya yi magana da ƙyar ake jinsa. Babu wanda ya fito ya ce mana ga lokacin da za a kira shi.

Ke kin tashi kin ga yadda muke a Damargu. Hantsi ya yi, kowace mace ta ɗauki ƙwaryar fura ta nufi gona, wadda ta makara kuwa kafin ta dawo gari ya ji. Tun ranar da aka kawo ni gidan babanki hantsi bai taɓa wuce shi da ciki wayam ba, ko da cikinki ya tsufa ni nake kai mashi. Da wannan nake taƙama cikin mata, tun da ba ni da zinariya. Kuma abin da na taso na sani shi ne ba a tura mutum aiki mai wuya da yunwa. To wane aiki ya fi kwanciya a sa maka wuƙa? Sai na zauna na yi lissafina na masu wayo. Na ce fura a sama za ta zauna, aikin kuwa can ƙasa ne wajen mara, ina ruwan wannan da wancan? Na ɗauka Majo yana gudun kada a ɓata mashi tebur ne kawai.

Iya ta fara gyangyaɗi, baffanki ya tafi wurin mai shayi. Na kama hannun babanki kamar zan raka shi kewaye, muka zagaya bayan katanga. Na fito da gorata, na dama mai kauri, da nono. Ya ce, “Majo fa ya hana.” Na ce, “Majo ne zai riƙe mani ɗiya in yunwa ta kashe ka a kan tebur? Sha.” Ya sha. Ina kallonsa yana sha, raina fari tas, ina jin na yi abin da matar kirki take yi.

To ga abin da nake so ki fara riƙewa. Kada ki taɓa ba mutum doka ki tafi ba ki ba shi dalilinta ba. Wanda ba a gaya wa dalili ba zai ƙirƙiro nasa, kuma nasan zai yi mashi daɗi. Sai ran Talatar nan, daga bakinki, na ji maganar a fili: allurar barci tana kwantar da mai gadin maƙogwaro, wanda in ka ƙware yake sa ka tari, saboda haka in abin ciki ya taso babu mai tare shi, sai ya zarce huhu. Wannan magana ba ta kai tsawon gaisuwa ba. Da wani ya tsaya ya faɗa mani ita, da na zauna a kan gorar nan da kaina. Ki faɗa wa marar lafiya, amma ki nemi mai riƙe da ludayi ki faɗa mata, don ita ce za ta ba shi. Kuma in aiki ya makara, ki fito gindin itace ki dubi masu jira. Kin ce yanzu ruwa zalla ana barin mutum ya sha har saura awa biyu. In haka ne, ki kai masu labarin da ƙafarki, kada ki bar wata tana kallon leɓɓan mijinta har azahar.

Ba a yi rabin awa da dawowarmu ba aka kira sunansa. Majo Abdu ya fito bakin ƙofa da takarda a hannu, ya tambaya a gaban kowa: “Ya ci wani abu? Ya sha wani abu?” Iya ta riga kowa, ta ce, “Ni ke gadinshi tun jiya.” Majo ya juyo wurina ya ce, “Uwargida fa?” Idon Iya yana kaina, idon Dauda yana kaina, ga matan da muka kwana biyu tare duk sun kasa kunne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, “Ko ruwa.” Babanki ya sunkuyar da kai ya bi su ciki.

Har yau in na tuna, ba furar ce ta fi ƙona mani rai ba. Furar rashin sani ce. Amma a bakin ƙofar nan an ba ni dama in gyara, da kalma ɗaya, na zaɓi mutuncina a idon surukata. Da na ce ya sha, iyaka a ɗage aikin zuwa gobe, Iya ta wanke ni tas, mu koma gida da mutum mai huhu lafiya.

Saboda haka, ɗiyata, kada ki yi wa mutum irin tambayar nan a gaban danginsa. Mutanenmu ba mugaye ba ne, kunya ce ta yi masu yawa. Ki ja matar gefe, ki sassauta murya, ki ce mata, “Na san rana ta yi zafi. In kin ba shi wani abu, gaya mani, ba mai ji.” Ki tambayi abin da ainihi ake ba mutum a ɓoye: fura, kunu, dabino, cuku, jiƙon magani, rubutun da wani malami ya aiko. Kuma in ta faɗa maki gaskiya, ki yi mata godiya kafin ki yi mata faɗa. In ma kin iya, ki bar faɗan.

Abin da ya biyo baya kin san rabinsa. Muka ji gudu a ciki, wata ma’aikaciya ta fito a guje ta koma da wani abu a hannu, injin zuƙa yana ta gurnani. An daɗe kafin Majo ya fito, riga sharkaf da gumi. Ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Ya ce wa Iya, “Ya yi amai cikin barci, ya shiga huhu. Mun zuƙe abin da muka iya. Ku yi mashi addu’a.” Baffanki ya daka tsalle ya ce, “Amai da mi? Mutumin da tun jiya ba ya da komi a ciki? Allura ka cika mashi, ka faɗi gaskiya!” Majo ya juya ya koma.

Babanki ya yi sati uku a gado, zazzaɓi yana dafa shi, numfashi sama-sama. Allah ya tashe shi, amma bai ƙara iya noman kunya biyu a gona ba tare da ya zauna ba, shi ya sa kika tashi kika same shi a kan keken ɗinki. Shi kuwa Majo Abdu, baffanki ya kai ƙararsa wurin babban likita, sannan ya kai ta kasuwar Tanut, wadda ta fi babban likita saurin hukunci. Mutane suka riƙa cewa hannunsa ba shi da kyau. Aka kai ga mutum ya gwammace ya koma gida da ciwonsa da a ce Majo zai sa shi barci. Kafin shekara ta zagayo ya nemi a mai da shi wani ƙaramin ɗakin shan magani can wajen Balbeji, inda babu tiyata, sai allurar yara da ɗaurin gyambo.

Ni kuma ina ji ina gani na kama bakina. Da fari na ce bari babanki ya warke. Da ya warke na ce bari Iya ta huce. Iya ba ta huce ba har Allah ya ɗauke ta, ta tafi tana yabona a kan jinyar da na yi wa ɗanta, tana ce wa mata a samu suruka irina sai an tona. Wannan yabon ya fi mani zagi ciwo. Babanki ma bai taɓa tayar da maganar ba, ko cikin faɗa. Sau ɗaya na ce mashi zan faɗa, ya ce, “Ni na sha, ba ɗura kika yi mani ba. Ki bari.” Na ji daɗin da ya ce haka, na laɓe a bayansa.

Ke ma wata rana za ki yi kuskure a wurin aiki, kada ki ce ba za ki yi ba. Ranar da kika yi shi, ki faɗa kafin rana ta faɗi. Ni na gwada jira, na ga abin da yake yi. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, kuma ba kaina kaɗai take dannewa ba, wani bawan Allah ne can yake ɗauke da ita a madadina.

Sai kuma laifin da na yi maki ke kanki. Kin tashi kina jin sunan Majo Abdu a gidanmu kamar sunan dodo. Kina ’yar shekara goma kika tsaya gaban babanki yana tari, kika ce in kin girma ke za ki riƙa sa mutane barci, kuma duk wanda kika kwantar sai ya tashi lafiya. Kowa ya yi dariya ya sa maki albarka, ni gabana ya faɗi. Da kika gama karatun jinya kika ce wannan fannin za ki bi, kin tuna yadda na tayar da hankali? Na ce ki yi ungozoma, na ce aikin na maza ne, na ce babu mijin da zai jure, har fasto na kai wa ƙararki. Duk ba shi ba ne. Tsoro nake ji kada ki yi karatun da zai kai ki ga tambayar da kika yi mani ran Talata. Na so in tauye ki don in rufa wa kaina asiri. Ki yafe mani wannan. Kuma daga yau, in wani babba ya hana ki abu da dalilai goma, ko ni ce, ki natsu ki nemi na goma sha ɗayan da bai faɗa ba.

Ran Alhamis na ce maki zan tafi Tarka in sayo maki cuku na guzuri. Cukun na sayo, yana cikin jakarki, amma ba shi ya kai ni ba. Wannan ma ƙarya ce, kuma ina roƙon Allah ta zama ta ƙarshe. Na daɗe da jin cewa can Majo Abdu ya zauna bayan ya yi ritaya. Babanki ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, muka hau motar kasuwa tare, yana tari ina zufa.

Muka same shi a ƙofar gida yana ba awaki harawa. Ya tsufa, ya rankwafa, gemu fari fat. Muka yi sallama, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Ban san ta inda zan fara ba. Babanki ya yi tari sau ɗaya, sai tsohon ya ɗaga kai ya ce, “Na gane ku. Mai ƙaba ne, na wajen Olelewa.”

Na durƙusa. Na ce, “Majo, na zo in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar. Ni na ba shi fura.”

Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Ka sani?”

Ya ce, “Uwargida, ni na zuƙe ta daga maƙogwaronshi. Har tsakin geron na gani. Kuma damu ne na gwanaye, ba gudaji.”

Babanki ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mani. Na ce, “To don mi ba ka faɗa ba, aka ɓata maka suna, ka bar aikinka?”

Ya daɗe yana kallon awakinsa. Sannan ya ce, “Na fito da niyyar in faɗa. Sai na ga idon tsohuwar nan, na ga ƙanen miji yana huci, na gan ki da goyo a baya. Na ce in na buɗe baki, mutumin nan ko ya tashi ko bai tashi ba, yarinyar nan ta gama zama gidan. Ni kuwa namiji ne, ina da takarda, duk inda aka kai ni zan ci tuwo. A takardar aiki na rubuta gaskiya, babban dokotoro ya gani, shi ya sa ba a kore ni ba. Kasuwa ce ban gaya wa ba.” Ya ƙara da cewa, “Kuma ni ma da nawa. Na dubi fuskarki a bakin ƙofa, raina bai kwanta ba. Kamata ya yi in ja ki gefe, ko in ɗage aikin. Na ga rana ta yi, mutane na jira, na ce bari in yarda. Ban ce maki bai yi mani ciwo ba. Na so aikin nan ƙwarai. Amma tuni na yafe, ke ma ki yafe mani.”

Saratu, wannan shi ne mutumin da kika ce ba za ki zama irinsa ba. Ni kuwa addu’ata yanzu Allah shi ba ki rabin zuciyarsa, shi haɗa maki da abin da shi bai samu ba. Shi ido kawai gare shi da zato. Ke an ba ki abin da zai nuna maki cikin mutum ba sai kin sa kowa ya rantse ba. Ranar da ranki bai kwanta ba, ba sai kin zaɓa tsakanin ki ƙaryata mace a gaban surukarta ko ki yi caca da ran mijinta ba. Ki ɗora na’urarki ki duba. In ciki ya cika, ki ɗage aikin, in kuma ba ya ɗaguwa ki bi hanyar da aka koya maku ta tsare maƙogwaro da bututu.

Sai dai ki daina kiranta na’urar kama maƙaryata, ko da wasa. Ke da bakinki kika gaya mani ba duk cikin da aka samu a cike ne aka karya doka ba. Kin ce mai ciwon suga, da wanda zafin ciwo ya ɗaure wa hanji, abinci yakan daɗe a tumbinsu ko sun yi azumin yadda aka ce. To kin ga ashe kina da maganar da za ki faɗa wa dangi, kuma ba ƙarya ba ce: “Cikin bai gama sauka ba, sai mun jira.” Iyakarta ke nan. Kada ki juya masu fuskar na’urar ki ce ku zo ku gani. Wanda ya ba da furar, ki same shi daga baya ku biyu. Kuma ranar da kika duba ba ki gane abin da kike gani ba, kada kunya ta sa ki ce babu komi. Ki ce ban gani ba, ki kira wanda ya fi ki, ki ɗauka cikin a cike yake. Kunya ta riga ta ci huhu ɗaya a gidanmu, ya isa.

Da muka dawo ban shiga gida ba sai da na biya wurin baffanki Dauda na gaya mashi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Shekara ashirin da uku ina zagin mutum a banza.” Bai kalle ni ba da zan fita, kuma ban ga laifinsa ba. Amma jiya matarsa ta gaya mani ya ware ɗan akuya, wai ran kasuwar Tarka zai kai wa Majo da kansa. Ran Lahadi kuma bayan sujada zan tashi cikin matan zumunta na ikkilisiya in faɗa, don a bakinsu labarin ya fi yawo. Sauran kasuwar Tanut ta ji daga wurinsu, ba za su ɓata lokaci ba.

Saura ke. Ke ce na kasa faɗa wa ido da ido, na tsaya ina ɗaure maki kuka da kuɓewa kamar ba komi. Ban san da wane ido za ki dube ni ba in kin gama karatun nan, kuma wannan ya fi tsorata ni a kan Iya da Dauda da matan zumunta gaba ɗaya. In fushi ne, ki yi, kina da gaskiya. Ki yi sati ba ki kira ba, zan jure. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki ce tun da labarin da ya sa ki cikin aikin nan ƙarya ne, aikin ma ya tashi a banza. Yarinyar da ta tsaya gaban babanta ta ce duk wanda ta kwantar sai ya tashi lafiya ba ta yi ƙarya ba. Kuma mata irina suna nan da yawa gindin bedi da gora a ɓoye cikin zane, suna son mazansu, suna jiran wadda za ta fito ta yi masu magana.

Na gaya wa Majo Abdu inda za ki da abin da za ki koyo. Bai taɓa ganin ana duba tumbi da eko ba. Ya sa na maimaita mashi duka, da kwanciyar dama da idon bijimin sa, yana girgiza kai yana cewa, “Kai, yaran yanzu sun ji daɗi.” Ya ce in gaya maki ya sa maki albarka. Ya kuma ba ni saƙo, ya ce kada in rage ko kalma: in kin gama kin dawo, duk asibitin da aka ajiye ki, ki aika mashi. Zai hau mota ya zo ya kwanta maki bisa haƙarƙarin dama, ki juyo mashi fuskar na’urar, shi kam yana so ya gani. Ya ce zai sha fura tukuna, don yana so kafin ya mutu ya ga abin nan da idonsa tun yana inda ya kamata ya zauna.

Allah shi kiyaye ki, ɗiyata. Shi ba ki ido mai gani da hannu mai sanyi, shi tashi duk wanda kika kwantar, shi dawo mana da ke Damargu lafiya. Ki ci abinci a kan lokaci, ki nemi ikkilisiya kusa da ke, ki gaida abokan zamanki.

Na riga na gaya wa Majo, furar ranar ni zan dama mashi. A gaban kowa zan miƙa, kuma in kin fito kin tambaya ko ya sha wani abu, ni zan amsa maki.

Ni ce innarki,
Rahila